Shekarar da Na Koma Kan Alu

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, don shi ne wanda kuka fi damuna da tambaya a kansa, kuma shi ne wanda mutanen Batsari suka fi ɓatawa wajen faɗa. Kun taso kuna jin ana ce mini Binta Indiya. Wasu sun gaya muku wai silima nake zuwa a ɓoye, ni da har yau ban san yadda ƙofar silima take ba. Wasu sun ce rawa na koya. Ku dube ni da kyau, wannan ƙafar ce za ta yi rawa? To ku zauna ku ji yadda aka yi daga bakin mai ita, tun ina da sauran numfashin faɗa.

Daga Wagini aka kawo ni gidan kakanku Malam Babba. Gida ne na karatu tun kaka da kakanni. Mahaifinku yana da yara maza a zaure, ni kuma da aka ga na yi sauka a gidanmu, ga murya Allah Ya ba ni, sai aka ba ni 'yan mata da matan aure a rumfar cikin gida. Ba karatun allo kaɗai muke yi ba. Farillan alwala, sharuɗɗan salla, siffofin Ubangiji, duk a waƙe nake ba su, in ja baiti su amsa, don abin da ya shiga da waƙa ba ya saurin fita. Wallahi ina son ajin nan kamar raina. Mace a wancan zamani ba ta da wurin da za a ce nata ne, ni kuwa ina da rumfata, kuma in na shiga cikinta ko Inna, kakarku, sai ta rage murya.

Bayan haihuwata ta uku sai muryar ta fara gudu. Da safe in fara lafiya lau, kafin hantsi ya dubi ludayi ta dishe, in buɗe baki sai ka ce ƙofar langa-langa ake ja. Yara su yi ta ƙunshe dariya. Babu abin da Inna ba ta ɗura mini ba: zuma, citta, kanumfari, man shanu mai ɗumi, ɗanyen ƙwai. Malam da kansa ya yi mini rubutu na sha. In samu sauƙin kwana biyu, abu ya dawo sabo. Har ta kai wata rana ina tsakiyar baiti murya ta ɗauke ɗif, matan aure suna kallona, ina kallonsu. Da la'asar Malam ya aiko a kira ni. Na durƙusa daga bakin ƙofa, kaina a ƙasa.

"'Yar Wagini," in ji shi, don haka yake kirana, "karatu ba ya jiran mara lafiya. In damina ta faɗi muryar nan ba ta dawo ba, zan ɗauko 'yar ƙanena daga Runka ta karɓi ajin. Ba laifi kika yi ba."

"To, Allah gafarta Malam."

Abin da na iya faɗa ke nan. Na shiga ɗaki na yi kuka, kukan ma babu sauti. Malam bai zalunce ni ba, gaskiya ya faɗa, gaskiyar ce ta fi ciwo.

A wannan zamanin malaman Indiya sun cika makarantun sakandare a ƙasar nan. Akwai ɗaya mai koyar da lissafi da aka kama wa haya a gidan da ke bayanmu, katangar laka ce kawai tsakani. Shi kaɗai ya fara zama, daga baya muka ji an ce matarsa ta iso daga Katsina. Ba mu kai ga zuwa yi mata sannu da zuwa ba, sai wata safiya bayan sallar asuba muka ji wata murya ta taso daga bayan katanga. Muryar mace ce, doguwa, ba ta hawa ba ta sauka, a ja ta a ja ta har sai ka ji naka numfashin ya ƙare, a tsaya, a sake ɗaukowa. Inna tana dama kunu, sai ta saki ludayin.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! An yi rashi a gidan Indiyawa. Baiwar Allah, ga ta baƙuwa, ba uwa ba dangi. Binta, ɗauko mayafinki. Haƙƙin maƙwabtaka bai san addini ba."

Muka zuba kunu a kwano mai murfi, muka zagaya. Muka yi sallama da irin muryar nan ta gidan makoki. Muka tarar da mace siririya zaune kan tabarma, ta naɗe ƙafa, ido a rufe, ta rungume wani abu mai kama da gurmi amma ya kusa tsawon mutum, gindinsa ƙaton ƙoƙo, tana shafa tsirkiyarsa da yatsa. Inna ta durƙusa kusa da ita, har ta fara matso ƙwalla.

"Sannu, 'yar nan. Ya haƙuri? Maigidan ne?"

Sai ga maigidan ya leƙo daga ɗaki da asuwaki a baki, lafiyarsa lau. Matar ta buɗe ido ta dube mu, ta dubi kwano. Ashe ta ɗan zauna a Katsina, tana jin Hausa, ko da yake tana karya ta.

"Ba wanda ya mutu, Mama. Aiki nake yi. Waƙa."

Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Inna kuwa, Allah Ya jiƙanta, ba a kayar da ita a magana. Ta share ido da bakin mayafi ta gyara zama.

"Tabɗi! To in wannan ce waƙarku, ranar da aka yi mutuwa me kuke yi?"

Matar ta yi dariya har tana riƙe ciki, mijin ya koma ɗaki da gudu kada asuwaki ya shaƙe shi. Ta shanye kunun tas. Sunanta ya gagari harshen Inna, ta gwada ta gwada, ta ce daga yau ke ce Shatu, kuma sunan ya zauna. Da muka tashi tafiya na yi mata sallama da 'yar muryata ta kwaɗo, sai ta riƙe mini hannu.

"Ke ce mai waƙa da yara? Ina jin ki kullum ta katanga. Murya mai kyau, amma kina kashe ta." Ta taɓa maƙogwarona. "Daga nan kike ɗauko ta. Nan ƙofa ce kawai." Ta ɗora tafin hannunta ƙasa da cibiyata. "Ɗakin yana nan. Ki zo gobe."

Na gaya wa mahaifinku. Kun san shi, mutum ne da ba ya son doguwar magana. Ya ce ai neman magani ne, in je, amma in dawo kafin ɗalibai su taru. Bai gaya wa Malam ba, ni ma ban ce ya gaya masa ba. Haka na riƙa zagayawa ta ƙofar baya kullum gari na wayewa, da goyo a bayana.

Na ɗauka waƙa za ta koya mini. Ina! Ta zaunar da ni, ta miƙar mini da baya, ta ce in shaƙi iska har cikina ya taso kamar na ƙoshi da tuwo, sannan in buɗe baki in ce "aaa", in bi sautin gurminta, kada in wuce shi, kada in gaza shi. Shi ke nan. Yau "aaa", gobe "aaa", jibi "aaa". In kafaɗata ta ɗaga ta danne ta. In na matse wuya ta girgiza kai ta ce a sake. Rannan na gaji na ce mata, Shatu, ni fa na yi sauka, ba yarinya ba ce, yaushe za a wuce gaba? A nan ne ta ba ni labarinta, kaɗan-kaɗan, da Hausarta mai ɗingishi.

Tana ƙarama mahaifinta ya kai ta gidan wani tsohon malamin waƙa a garinsu, ya bar ta can. Ita ke share masa ɗaki, ta ɗebo ruwa, ta matsa masa ƙafa. Shekaru ta yi bai ba ta komai ba sai wannan sautin guda kafin fitowar rana. Ta ce waƙarsu ba irin ta silima ba ce, wannan ta 'yan kasuwa ce. Tasu gado ce, daga bakin malami zuwa kunnen ɗalibi, ba a rubuce take ba. Kowace waƙa da lokacinta: akwai ta asuba, akwai ta faɗuwar rana, akwai wadda ba a yin ta sai hadari ya haɗu, kuma abin kunya ne a yi wata a lokacin wata. Da ta ƙware, malaminta ya fito da ita gaban jama'a. Ta yi waƙa a manyan ɗakunan taro, mutane zaune a ƙasa ba mai ko tari, an sa ta a rediyo, sunanta ya fara tashi. Ana cikin haka mijinta ya samu aiki a ƙasar nan, ta naɗe tabarmarta ta biyo shi. Na tambaye ta, to a Batsari wa kike yi wa waƙa?

"Awakin Mama," in ji ta, tana dariya. "Murya rijiya ce, Binta. In an daina ja sai ta ƙafe. Wata rana zan koma gida, ba na so in koma da busasshiyar rijiya."

Na ji tausayinta ƙwarai a ranar, kuma daga nan ban ƙara yi mata ƙorafi ba. Mace da ta bar ɗakin taro ta zo tana yi wa awaki waƙa ba tare da ta ɓata rai ba, ni wace ce da zan gaji da "aaa"?

Sannu a hankali na fara jin canji. Muryar da ke mutuwa da hantsi ta fara kaiwa kusa da azahar. Amma zancen duniya ba ya ɓuya. Wata mai kawo mana nono ta gan ni ina fitowa daga gidan, ta tambayi Shatu sunan abin da take kaɗawa. Su a yarensu tambura suke ce masa. Kun dai san abin da tambura ke nufi a wurinmu, manyan gangunan gidan sarauta. Kafin ranar kasuwa ta zagayo, gari ya ɗauka cewa surukar Malam Babba tana gidan Indiyawa ana buga mata tambura tana waƙar silima. Gurmi mai kukan sauro ya zama ganga! Wasu iyaye suka janye 'ya'yansu. Maganar ta kai har Wagini, mahaifiyata ta aiko cewa in dai gaskiya ne na zubar mata da mutunci. Wannan saƙon ya fi komai ƙona mini rai.

Malam ya kira mu, ni da mahaifinku da Inna. Yana zaune kan buzunsa, carbi a hannu. Ya fara da ɗansa, ya wanke shi tas kan ɓoye masa magana. Sannan ya juyo kaina.

"'Yar Wagini, matar nan Musulma ce?"

"A'a, Allah gafarta Malam."

"Ta taɓa kiran ki zuwa ga abin da take bauta wa?"

"Ko sau ɗaya. In lokacin karatun yara ya yi ma ita ke tuna mini."

"To waƙoƙi nawa ta koya miki?"

"Ko ɗaya."

Ya ɗaga kai. "Tun sanyi kike zuwa, ga shi bazara ta yi nisa. Me kuke yi?"

Ban san yadda zan bayyana masa ba. Ta yaya suruka za ta buɗe baki ta yi "aaa" a gaban surukinta? Amma na ga ajina yana shirin fita daga hannuna, sai na runtse ido, na miƙe baya, na cika ciki da iska, na sake ta. Ta fita sumul, ba gargada, na ja ta har inda ban taɓa kaiwa ba. Da na tsaya, sai na buɗe ido. Inna ta rufe baki da mayafi. Malam ya daina jan carbi.

"Wannan ai alu ne," in ji shi. "Alu ne aka ja shi."

Alu shi ne harafin farko da ake rubuta wa yaro a allo ranar da aka kawo shi makaranta. Ni ban taɓa kawo haka a raina ba, sai da ya faɗa.

"Duk watannin nan a kan alu ta tsayar da ke? Ba ta wuce da ke ba?"

"Ta ce bai zauna ba tukuna."

Sai na ga abin da ban taɓa gani ba, Malam ya yi murmushi har haƙoransa sun fito. Ya ce shi ma da ya tafi gabas neman karatu, da saukarsa da gemunsa, malamin da ya samu ya saurare shi, ya ce a koma babbaƙu. Ya yi fushi kamar ya naɗe buzunsa ya dawo gida, amma ya zauna, kuma duk abin da ya sani a yau daga wannan komawar ya samo shi.

"Mai neman lalata ɗiyar mutane ba ya tsayar da ita kan alu," in ji shi. "Da zaƙi yake farawa. Wannan matar ta san karantarwa. Ki ci gaba da zuwa, ta ƙofar gaba, da Innarku a bayanki. Amma ga sharaɗina, ki ji shi da kyau. Alu namu ne da su duka. Abin da ya wuce alu nasu ne. Kunnenki naki ne, ban hana shi ji ba. Bakinki kuwa na rumfar nan ne, iyayen yara amana suka ba mu. Kada waƙarta ko baiti ɗaya ya fito daga cikinsa. Kin ɗauka?"

"Na ɗauka, Allah gafarta Malam."

A lokacin ban ji nauyin alkawarin ba ko kaɗan, murna ta rufe ni. Ranar Juma'a Malam ya yi wa mutane bayani a ƙofar gida, ya ce duk mai son ganin tambura ya zo Inna ta raka shi. Yaran da aka janye suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Mahaifiyata ce ta daɗe ba ta huce ba, sai da na je Wagini da kaina na durƙusa. Damina ta faɗi, aka yi shuka, aka yi noman farko, ba wanda ya ƙara ambaton 'yar Runka. Malam bai taɓa ce mini ya janye maganarsa ba. Abin da kawai na ji shi ne ranar da yake yi wa Inna mita, wai 'yar Wagini ta hana shi ƙailula, tun safe har azahar muryarta na ratsa katanga. Na shiga ɗaki na yi sujada.

Shatu ta ƙara damina biyu a Batsari. Ta koyi tuƙa tuwo, ta koya wa Inna wata miyar wake mai yaji, tunda ita ba ta cin nama. Sai kwangilar mijinta ta ƙare. Ana saura kwana kaɗan su tafi, da la'asar, hadari ya haɗu ta gabas baƙi ƙirin, ta aiko a kira ni. Na same ta ta yi wanka ta sa fararen kaya, ta shimfiɗa mini tabarma a gabanta.

"Alu ya zauna," in ji ta, don ita ma ta karɓi sunan. "A wurinmu malami ba ya rabuwa da ɗalibi hannu banza. Zan ba ki waƙar ruwa, wadda malamina ya ba ni. Ban taɓa ba kowa ba. In yi layi, ki maimaita."

Ta fara. 'Ya'yana, ban san ma'anar kalma ko ɗaya ba, amma waƙar ta ratsa ni. Muryar da na saba ji tsaye wuri ɗaya ta riƙa hawa tana sauka tana zagayowa, iska tana kaɗa zanen gadon da aka shanya, yayyafi ya fara sauka kan kwano. Ta kai ƙarshen layi ta tsaya, ta buɗe hannu tana jirana. Layin yana bakina, wallahi yana kan harshena, da na buɗe da ya fita daidai. Inna ba ta biyo ni ba ranar, ga ruwa yana dukan kwano, ba mai ji. Na danne leɓena da haƙori. Ta sake yi, ta sake jira. Na girgiza kai.

"Na yi wa Malam alkawari, Shatu."

Ta dube ni, hawaye yana bin fuskarta, nawa ma yana zuba. Na san abin da na hana ta, don ita ce ta gaya mini cewa waƙar da ba a miƙa ba mutuwa take yi da mai ita.

"Da kin karya maganar malaminki, da ban yarda da ke da tawa ba," in ji ta. "To rufe bakin. Buɗe kunnen."

Ta yi ta daga farko har ƙarshe, ta sake, ta kuma sakewa, har ruwa ya tsagaita.

Bayan shekaru, wani tsohon ɗalibin mijinta da ya je ƙasarsu karatun likita ya kawo mini gaisuwarta. Ya ce ta koma waƙa, ta yi suna a garinsu, gidanta cike da ɗalibai suna ta "aaa" tun asuba. Na gode wa Allah, waƙar ruwa ta samu bakin da zai ɗauke ta. Ni kuma na riƙe rumfata har furfura ta rufe ni, muryar ba ta ƙara gudu ba. Matan da na koyar sun watsu, wasu rashin tsaron nan ya kore su daga ƙauyukansu, amma duk inda suka sauka sai ka ji sun tara yara suna ja musu baiti. Ban yi asara ba, kuma ban yi nadama ba.

Waƙar kuwa tana nan cikin kaina, ko layi ɗaya bai ɓace ba. Malam ya rasu, Inna ta rasu, mahaifinku ya bi su. Jikokina sun sha roƙona in yi musu ko kaɗan, suna cewa ai wanda aka yi wa alkawarin ba ya nan. Nakan ce musu shi ya sa ma, tunda babu wanda zai warware mini shi. Don haka in hadari ya haɗu kuka gan ni zaune bakin rumfa, baya a miƙe, baki a rufe, kada ku tambaye ni ko lafiya. Lafiyata ƙalau. Ku dai rage surutu, ina jin Shatu ne.